An Kira Gayya a Musawa, Wa Zai Kawo Tuwon?

Wanda ya girma a ƙauyukan Musawa kafin maganin feshi ya kori fartanya, ba sai an yi masa bayanin gayya ba. Ciyawa ta ci ƙarfin magidanci, bai gama noman farko ba ga maimai ya matso, sai ya sayi goro ya nufi wurin sarkin samari. A tsayar da rana. Ranar kuwa, kafin hantsi ya dubi ludayi samari sun jeru a bakin gona, mai gangar noma na zuga su, 'yan mata na safarar ruwa. Kafin azahar an share aikin da zai cinye wa mai gona mako biyu. Ba a biyan kowa ko kwabo, amma fa ba a yin ta kara zube. Mai gayya shi ke da fura, shi ke da tuwo, kuma ranar da aka kira ta wani dole a gan shi da tasa fartanyar. Sannan kowa na kallon kunyar kowa. Wanda ya bar tasa a baya, da ɗaya kunyar zai koma gida.

Waɗannan sharuɗɗa su ake tsallakewa yau duk lokacin da mai mulki ko jami'in ƙungiyar agaji ya karɓi makirufo ya ce mafita tana hannun al'umma. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai sanin yoyo ba ya sayen kwanon rufi. A wannan yanki da ya taso daga Musawa da Matazu, ya ratsa Malumfashi da Kafur da Bakori har Funtua da Dandume, shekara da shekaru ke nan ana kiran talakawa gayya: su tsare garinsu, su gyara makarantarsu, su haɗa kuɗin fanso 'yan uwansu, har su zauna da wanda ya kashe musu dangi. Kuma sun amsa. Abin da ba a cika gani ba shi ne mai gayyar da ƙwaryar tuwonsa.

Yankin ya taɓa ganin akasin haka, wato tuwo jingim ba tare da an tambayi masu noma ba. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtua da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Najeriya, tare da na Gusau da na Gombe. An yi hanyoyin karkara, an gina madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da taki mai rangwame, an kawo irin masara mai yabanya. Ba a raina wannan aiki ba, domin masarar da ke cika kasuwannin Dandume da Funtua da Bakori a yau tana da alaƙa da shi. Amma masu binciken da suka bi sawunsa tun a lokacin sun nuna cewa malaman gona sun fi zarya a gonakin manyan manoma, masu ƙafa a ofis, kuma su suka fi cin gajiyar takin da bashin shanun huɗa. Da wa'adin shirin ya cika, abubuwa da yawa sun zama marayu. Kwalbatin da ba kai ka ce a gina ba, ranar da ya karye jira za ka yi mai shi ya dawo.

Kafin a shiga batun tsaro, wanda shi ne ƙashin bayan zancen, ya kamata a leƙa maƙwabta. Maraɗi ba wata uwa duniya ba ce: Katsinawa ne, harshe ɗaya, dangi ɗaya, iyaka ce kawai ta raba. Can aka yi abubuwa biyu da duniya ke zuwa koyo.

Na farko na mata ne. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani ɗan gwaji a ƙauyukan jihar Maraɗi, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Ba wani sabon abu aka sauke daga jirgi ba, adashin da kowace Bahaushiya ta sani ne aka yi wa kwaskwarima. Mata kamar ashirin zuwa talatin su haɗu duk mako, kowa ta zuba abin da aka yarda a kai cikin akwati mai makulli. Maimakon a kwashe a ba mutum ɗaya kamar yadda aka saba, sai mai bukata ta ranta ta yi ƙuli-ƙuli ko kiwon akuya, ta mayar da ɗan abin da aka amince a ɗora. In shekara ta zagayo a fasa asusu, a raba uwa da riba. Ba a ba su jari daga waje ba, horo kawai aka ba su aka janye jiki. Wannan tsari shi ne ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, kuma a Nijar ɗin wasu daga cikin matan da suka koyi magana a gaban jama'a a zaman asusu sun tsaya takara sun ci kujerun kansila.

Na biyu na itatuwa ne. An yi shekaru ana kashe kuɗi kan dashe a Nijar, dashen na mutuwa. Wajen 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da manomi ke sassabewa duk bazara ba ciyayi ba ne, kututturan manyan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. A zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran, sai ga gawo da kalgo da sabara da aduwa sun miƙe ba tare da an ba su ruwa ko cokali ɗaya ba. Lokacin yunwar 1984 an haɗa abin da rabon abinci, mutane suka yi don tsaba, da rabon ya ƙare da yawa suka sare. Waɗanda suka bar nasu suka ga iska ta daina binne musu shuka, ga itacen girki, ga abincin dabbobi, sai maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci. Amma abin bai kankama sosai ba sai da manomi ya tabbatar malamin daji ba zai ci shi tara a kan itacen da ya raina a gonarsa ba. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye suka kafa kwamitocin tsaron itace, har da mata da makiyaya a ciki. An ƙiyasta cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200.

A duka biyun, aikin na mutane ne, abin da suka riga suka iya ne, kuma kowa na ganin kunyar kowa. Hukuma ma ta kawo nata tuwon, ko da kuwa tuwon shi ne ta ɗaga ƙafa daga kan wuyan manomi.

To, a dawo gida. Matsalar da ta fi kowace cin rai a kudancin Katsina ba irin wadda fartanya ke maganinta ba ce. Daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kusan mako guda. Duniya ta san wannan. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne na Mahuta a ƙaramar hukumar Dandume, kwanaki kaɗan bayan haka. 'Yan Islamiyya kusan 80 ne aka tare suna dawowa daga Mauludi. Labari na isa gari, 'yan banga da mutanen gari suka bi sawu cikin daren tare da jami'an tsaro, aka ƙwato yaran kafin a nutsa da su daji. Da ɗan gari akan ci gari. Su suka san burtali, su suka san mashigar rafi, su suka san duwatsun da ake laɓewa. Kuma a wannan dare hukuma ta zo a kan lokaci.

Sai a ajiye wannan kusa da abin da ya faru a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi ranar 19 ga Agusta 2025. Mutane na sallar asuba aka buɗe musu wuta a masallaci, aka ƙona gidaje a ƙauyukan kewaye, aka rasa rayuka gomomi. Gwamnatin jihar da kanta ta ce ramuwar gayya ce, domin kwanaki kaɗan kafin nan mutanen garin sun yi wa 'yan bindigar kwanton ɓauna sun kashe wasu daga cikinsu. Wato sun yi daidai abin da aka daɗe ana ce musu su yi. Tun a 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya fito fili ya ce wa jama'a su nemi makami su kare kansu. Mutanen Mantau sun tashi, sun yi nasara, sannan aka bar su su kaɗai a daren da kowane yaro a yankin ya san maharan za su dawo. Kalmar ma ta yi wa zancen daidai fiye da kima: an yi gayya, an yi ramuwar gayya, mai gayya bai zo ba.

Musawa ma ta sha nata. A Nuwamba 2023 aka buɗe wa masu taron Mauludi wuta a ƙauyen Kusa, kuma garuruwa irin su Tuge da Jikamshi sunayensu sun sha fitowa a labaran safe ba don alheri ba. Ƙaramar hukumar da a da ake ganin tana bayan fage, nesa da dajin Rugu, ta wayi gari hanya ce.

Akwai kuma gefen da masu kirarin tashi tsaye ba sa son a taɓa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. 'Yan sa kai aikin al'umma ne, ba wanda ya turo su daga Abuja. Amma a wurare da dama a Zamfara da Katsina, yankan mutum a tsakiyar kasuwa saboda kamanninsa, da ƙona ruga, da kwashe shanun wanda bai ji ba bai gani ba, sun ƙara wa daji mayaƙa fiye da yadda suka rage. Bafulatanin da aka hana shiga kasuwar Ƙanƙara ko ta Malumfashi sayen gishiri, shi ma ɗan al'umma ne, kakansa na nan tun kafin a zana taswirar ƙaramar hukuma. Gayyar da ta ware wani ɓangare na gari ba ta noma komai sai gaba. Sannan infoma, wanda ke buga waya ya ce wane ya sayar da waken suya, wane ɗansa ya aiko da kuɗi, ba daga sama ya faɗo ba. A majalisa ɗaya ake shan shayi da shi.

Abin da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta yi a Oktoba 2023, na ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma na Community Watch Corps, amsa ce ga wannan matsala, kuma ya kamata a faɗi alherinta. An ɗebo matasa kusan 1,500 daga ƙananan hukumomi takwas da ke bakin daji, aka horar da su, aka ba su kaki da babura da motoci da albashi, aka mayar da kowa yankinsa. Daga baya aka ƙara wasu rukunan. A nan dai mai gayya ya kawo tuwo: ɗan gari ne, amma yana da lamba, yana da shugaba, akwai wanda za a kai ƙara wurinsa. Da yawa daga cikinsu sun rasa rayukansu a bakin aiki. Sai dai lissafin bai da wuya. Jiha mai ƙananan hukumomi 34 da dubban ƙauyuka, mutum dubu biyu ko uku ba za su kwana a ƙofar kowane masallaci ba, kuma bindigar da doka ta yarda su riƙe ba sa'ar ta hannun ɗan daji ba ce.

Daga nan aka gangaro kan sulhu. Masari ya gwada nasa a 2019, ya shiga daji da kansa, aka ɗauki hotuna, bai yi ƙarko ba. A Satumba 2021 har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomi 13, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanni, talaka ya sha wuya, ɓarayin suka koma hawa dutse neman sabis. Raɗɗa ya hau mulki yana cewa ba zai roƙi ɗan bindiga ba. Amma a 2025 sai ga zaman sasanci na bin juna: Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Kurfi, Faskari, har da Musawa da Matazu. Kowanne kuwa gwamnati cewa take yi ba nata ba ne, al'umma ce ta shirya abinta.

Babu mai hankalin da zai zauna a Kaduna ko Abuja ya zagi manomin da ya zaɓi sulhu. Wanda ya shekara uku bai taka gonarsa ta bayan gari ba, wanda ya sayar da shanun huɗa ya fanso matarsa, shi ya san abin da kwana ɗaya ba harbi yake nufi. A wurare da dama an sako waɗanda aka kama, an buɗe kasuwanni, an koma gona. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma duk wanda ya kalli bidiyon waɗannan zama a Facebook ya ga yadda suke: hakimi da dagatai da limamai da shugaban ƙaramar hukuma a kan tabarma hannu rabbana, a gabansu samari rataye da bindigogi da jigidar harsashi, da su suka zo da su za su koma. Kiran wannan yarjejeniyar al'umma wasa da hankali ne. Ciniki ne tsakanin mai wuƙa da mai wuya. Kuma idan ya lalace, kamar yadda na baya suka lalace, an riga an tanadi wanda za a ɗora wa laifi, tunda ba sa hannun hukuma a takardar.

Ga wata tambayar da kwamitin gari ba shi da ikon amsawa: wanda ya daina kai hari a Musawa amma bai ajiye bindiga ba, ina zai nufa? Zuwa ƙarshen 2025 mutanen Shanono da Tsanyawa a jihar Kano, da ke kan iyaka da Katsina, sun fara kokawa da hare-haren da a da labarinsu kawai suke ji. Dagacin Musawa ba shi da hurumi a Shanono. Wannan aikin gwamnatoci ne, na jihohi biyu da ta tarayya.

Abin takaicin ya fi ciwo idan aka tuna ko wane yanki ne wannan. Ƙasa ce da NEPU ta yi saiwa a cikinta, kuma Musawa ta fitar da 'yan gwagwarmaya irin marigayi Alhaji Musa Musawa, wanda ya yi zamani da Malam Aminu Kano. A 1979, lokacin Katsina na cikin jihar Kaduna, gwamnatin PRP ta Balarabe Musa ta soke haraji da jangali, talakawa suka yi guɗa. Jikokin waɗannan talakawa su ne yau a wasu ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ke yin karo-karo gida-gida, a kai wa ɗan daji kuɗin izinin shuka, in kaka ta yi a kai na girbi. A takardar masu bincike wannan ma haɗin kan al'umma ne. Mai unguwa ke bi da littafi, kamar dai zamanin En'e.

Duk da haka ba a rasa inda hannun mutanen gari ya fi na kowa tsawo ba, kuma nan ya kamata a zuba ƙarfi. Yunwar yara misali ce. Likitocin MSF sun ce yara 652 suka rasu saboda tamowa a cibiyoyinsu na jihar Katsina cikin watanni shida na farkon 2025, a jihar da ke ciyar da wasu jihohi da masara. Da yawa an kawo su ne a makare. A Mirya ta jihar Damagaram, ƙungiyar ALIMA da takwararta ta 'yan ƙasa BEFEN sun gwada wani abu mai sauƙi: a ba uwa ɗan tef mai launi uku, a koya mata auna damtsen ɗanta. Kore lafiya, rawaya a kula, ja a garzaya asibiti. Aka tarar uwaye ba su gaza ma'aikatan sa kai ba wajen gano ciwon, kuma sun fi su gano shi da wuri, tunda kullum yaron na bayansu. Irin wannan aiki kowace Islamiyyar matan aure a Dangani ko Gingin za ta iya ɗauka. Amma idan uwa ta ga ja ta isa asibitin gari ta tarar ba madarar gyaɗar da ake ba yaran, an mayar da ita mai gano gawa da wuri ne kawai. Da gayyar da ta zo da tuwonta aka ci galabar shan inna: sarakuna da masu unguwanni da matan da ke bi gida-gida suka shawo kan iyaye, hukuma da masu tallafi suka kawo allurar a cikin ƙanƙara, har aka wanke Najeriya daga cutar a Agusta 2020.

Gwamnatin jihar ta kuma ɓullo da shirin raya al'umma da aka ce zai taɓa mazaɓu 361 na jihar, inda mutanen kowace mazaɓa za su faɗi abin da suka fi bukata. A takarda, wannan ita ce gayyar da ta cika sharuɗɗa. A ƙasa kuwa, kowa ya san yadda irin waɗannan kwamitoci ke haihuwar kansu: ciyaman na jam'iyya ya kawo ƙaninsa, kansila ya kawo surukinsa, a nemo mace ɗaya don hoto, sai kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Ana iya gane na gaske ba tare da an ɗauko masani daga waje ba. A duba ko akwai ɗan adawa a zaman, ko akwai ardo, ko matar da ta yi magana an rubuta abin da ta ce. A duba ko an manna adadin kuɗin da aka turo da abin da aka saya da su a bangon masallacin Juma'a ko ƙofar gidan dagaci, da Hausa, da boko da ajami, inda mai tallan goro zai iya tsayawa ya karanta.

Matan Maraɗi ba sa buɗe akwatinsu sai kowa na zaune, kuma da ƙarfi ake ƙirga kuɗin, sau biyu. Musawa mazaɓu 11 gare ta. Zagaya su a ga ko a bango nawa aka manna takardar ba zai ɗauki ɗan acaɓa fiye da yini ɗaya ba, in dai hanyar Tuge ta biyu a ranar.